Dokokin suna nan, aiki da su ne babu

To, ɗan majalisa zai kawo ƙudirin rage cunkoso a gidajen yarin Najeriya, madalla. Amma ranka ya daɗe, dokokin da aka riga aka yi fa? Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ce majistare ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda duk wata, ya ga waɗanda ke tsare. A wane gari ake yi? Wata dokar ta 2019 ta sauya sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, ta tanadi aikin gayya ga al'umma a maimakon ɗauri kan ƙananan laifuffuka. Har yau mafi yawan mazauna ciki jiran shari'a suke.

Yaro ya saci waya, ba mai tsaya masa beli, fayil ya maƙale wajen lauyoyin gwamnati, a ajiye shi ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun 'yan fashi. Ya fito ba sana'a ba jari, kuma a ce ana son tsaro.

Tun 2023 jihohi ke da ikon gina nasu gidajen yarin. Kwamitinku ya kira masu aiwatarwa ya tambaye su ina kuɗin kasafi suka shiga, sannan a yi zancen sabon ƙudiri.