Mai kallon fim ne ya kamata ya sassauta, ba mai karatu ba

Jama'a ina so mu ɗan tattauna maganar WiFi ɗin gida, don wallahi abin nan yana haɗa 'yan uwa faɗa kuma ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. An yi karo-karo an sayi rauta ko 'yar MiFi, wato akwatin da ke raba intanet a gida, an saka datar wata, kowa ya karɓi fasuwod, shikenan an tashi ba tare da an yi wani tsari ba. Da an idar da Isha'i kowa ya dawo gida, wannan ya kunna fim mai dogon zango a YouTube a talabijin ɗin falo, wancan yana ɗaki yana jan TikTok, yara suna kan katun, sai ka ji ihu daga ɗaya ɗakin wai sabis ya ɗauke. Ni ra'ayina a fili yake, duk lokacin da layi ya yi kaɗan mai kallon bidiyo ne ya kamata ya rage, ko shi ne babba a gidan, ko da kuɗinsa aka sayi datar. Kuma ba son rai ba ne, akwai dalili.

Bari mu fara da lissafi. Ingancin hoton bidiyo hawa-hawa ne, daga irin 480p har zuwa 4K, gudun layi kuma da Mbps ake auna shi. YouTube da kansu sun ce bidiyon 480p yana son kamar 1.1 Mbps, na 720p yana son 2.5, na 1080p yana son 5, 4K kuwa har 20. Netflix ma kusan haka, 5 ga 1080p, 15 ga 4K. To kiran murya fa, irin wanda mai aji ta intanet yake yi? A Zoom murya zalla ba ta kai ko 100 kbps ba, wato ko kashi ɗaya cikin goma na 1 Mbps ba ta ci, kiran bidiyo tsakanin mutum biyu kuma kamar 600 kbps ya isa. Yanzu a ce layinku da daddare yana ba da 10 Mbps, lokacin da duk unguwa ta hau kan eriya ɗaya, mutum biyu kawai masu kallo a 1080p sun cinye shi tas. Mai buƙatar ɗan kaɗan ɗin nan shi ne zai rasa. Wannan wane irin adalci ne?

Abin da mutane ba su gane ba shi ne bidiyo yana iya jira, kira ba ya iya jira. In kana kallon fim manhajar tana ɗebo na gaba ta ajiye tun kafin ka iso wurin, wannan farin layin da ke gaban jan layin a ƙasan bidiyo shi ne ajiyar. Ko sabis ya tsaya na 'yan daƙiƙu ba za ka ma sani ba. Amma mai magana da malami kai tsaye ba shi da wata ajiya, ai ba za a ɗebo maganar da ba a riga an faɗa ba. In ta makara da rabin daƙiƙa kawai sai murya ta fara tsinkewa, ku dinga yi wa juna katsalandan, "kina ji na? hello kina ji na?" har a haƙura. Kuma shi bidiyo in ka bar shi a kan Auto ba shi da kunya, yana gwada layin ne, duk abin da ya samu zai ɗauka ya ƙara inganci. Kamar famfo ɗaya ne a tsakar gida, wani ya jera jarkoki goma yana cikawa, ga mai ƙaramin kofi yana son kurɓa ɗaya ya sha magani an ce ya bi layi. Akwatin intanet ɗin haka yake tara saƙonni a dogon layi, na kiran su maƙale a bayan na fim ɗin. Wani injiniya a Amurka, Jim Gettys, tun wajen 2010 ya ja hankalin duniya kan wannan matsalar, kuma a layin gidansa ya fara gano ta. Shi ya sa za ka gwada gudun layinka ka ga lamba mai kyau amma kira yana ta yankewa.

Na gani da idona a gidan wata 'yar uwata. Yarinyarta tana aji ta intanet, an zo gabatar da aikin da ta kwana tana haɗawa, ta fito da waya a hannu hijabi a karkace tana cewa "Yaya don Allah ka ɗan tsayar da fim ɗin nan, minti ashirin kawai, malam ba ya ji na." Shi kuwa ko ɗagowa bai yi ba, ya ce ai shi ya saka datar wannan watan, ta kunna tata. Ba ta da tata. Ta koma ɗaki ta rubuta wa malamin haƙuri idonta ya ciko. Abin ya tsaya min a rai sosai, don ba mugu ba ne yaron nan, kawai shi a ganinsa tunda hotonsa yana tafiya lafiya to layi lafiya lau yake, ita ce wayarta ke da matsala. Da ya mayar da fim ɗin 480p ma ba sai ya tsayar ba, da duk sun wadata.

Masu cewa ai ni na biya, na ji, kuma ba na raina kuɗin kowa, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 kowa ya san data ta zama abin lissafi. Amma wannan ma hujja ce a kanka. Netflix sun ce awa ɗaya a babban inganci tana iya cin 3GB, a 4K har 7GB. A fuskar waya mai inci shida me za ka gani a 1080p da ba ka gani a 480p ko 720p? Kana ƙona kuɗinka kana kuma hana ƙanwarka karatu. Kuma ragewar nan ba ƙasƙanci ba ne. A Maris ɗin 2020 lokacin kullen korona, wani kwamishinan Tarayyar Turai, Thierry Breton, ya nemi Netflix su rage nauyin bidiyonsu don masu aiki da karatu daga gida su samu hanya, suka rage na kwana 30, abin da suka ce zai sauke kusan kashi 25 na nauyin da suke ɗora wa layukan Turai. YouTube ma suka mayar da bidiyonsu yana farawa a ƙaramin inganci. In manyan kamfanoni za su sassauta wa nahiya guda, kai ba za ka sassauta wa 'yan ɗakinku ba?

Sai dai a yi adalci, ba kullum mai fim ne mai laifi ba. Akwai ɓarawon da ba a gani, wato tura abubuwa daga waya zuwa intanet. An dawo daga biki waya ta hau WiFi, Google Photos ya fara kwashe bidiyoyin kamu da dina yana turawa, ko Anti tana ɗora bidiyo goma a status. Hanyar turawa yawanci ta fi ta saukewa ƙanƙanta nesa ba kusa ba, in ta cika kowa sai ya ji a jikinsa har mai buɗe shafi kawai. Ga kwamfuta tana sabunta kanta a ɓoye, ga guruf-guruf na WhatsApp suna sauke duk bidiyon da aka turo ba wanda ya tambaye su. Kafin a daka wa yaro tsawa a fara duba waɗannan.

To me za a yi? Ni ban yarda da canza fasuwod a ɓoye ko zare wa mutum waya daga layi ba, gaba kawai yake haifarwa. A zauna a yi magana sau ɗaya. Daga Magariba zuwa ƙarfe goma kowa ya cire Auto ya saka 480p a waya, talabijin 720p. Mai aji ko intabiyu ko taron ofis ya sanar tun da rana a guruf ɗin gida, ba sai an fara ba ya fito yana roƙo. Mai son fim mai nauyi ya sauke shi cikin dare lokacin da layi ya huta, ai kamfanonin waya ma suna da tsarin datar dare mai rahusa, da safe ya kalla ko ba sabis.

Sannan a bar na'ura ta yi aikinta don kar kullum Umma ta zama alƙali. Ka juya rautar ka duba takardar da ke manne a bayanta, akwai adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka buga shi a burauza ka shiga. Da yawa suna da wurin da aka rubuta QoS, nan za ka fifita kwamfutar mai karatu ko ka yanka wa talabijin iyaka, a ce 3 Mbps, YouTube da kansa zai daidaita ingancinsa ba tare da fim ya tsaya ba. Ƙananan MiFi galibi ba su da wannan, amma aƙalla za su nuna maka wayoyin da ke kan layi, kuma nan ne mutane ke gano ashe har shagon ƙofar gida da yaran maƙwabta suna ciki. In za ku taimaka wa maƙwabci ku taimaka da saninku, a buɗe masa layin baƙi mai iyaka in rautar tana da shi.

Ita kanta rautar a fito da ita daga bayan talabijin ko cikin durowa, a ɗora ta sama a tsakiyar gida, in mai sim ce kuma kusa da taga. Wayar da ke can ƙuryar ɗaki da sanda ɗaya tana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ta karɓi abin da na kusa zai karɓa nan take, kuma duk wannan lokacin sauran jira suke. In rautar tana fitar da layin WiFi iri biyu, 5GHz da 2.4GHz, a saka talabijin da na kusa a kan 5GHz, a bar 2.4 ga na nesa tunda ta fi ratsa bango. Wanda kuma karatunsa ko aikinsa ya dogara da layin nan, in rautar tana da ramin kebul a baya, ya sayi kebul ya jona kwamfutarsa kai tsaye, ba tsada gare shi ba.