"An gwada shi a kan ɓeraye" bai isa hujja ba

'Yan uwa mazauna Legas, daga Agege har Mile 12, akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin masu tallar magani, kuma tana damuna ƙwarai: wai sassaƙen nan yana warkar da kumburin hanji, don "an gwada shi a kan ɓeraye a jami'a".

Ciwon nan iri biyu ne. Akwai Crohn, wanda ya ci sunan likitan Amurka da ya bayyana shi a 1932, akwai kuma mai fitar da gyambo a babban hanji. A duka biyun garkuwar jiki ce ke afka wa hanjin mutum. Zawo da jini da majina, murɗawar ciki, rama. Ya lafa, ya dawo, shekara da shekaru.

To yaya ake sa wa ɓera wannan ciwo? Hanyar da aka fi bi tun 1990 ita ce a zuba wani sinadari, DSS, a ruwan shansa. Cikin kusan mako guda bangon hanjinsa zai lalace, gashinsa ya tashi, ya takure a lungun keji yana kashi da jini. A janye sinadarin, galibi sai hanjin ya fara warkewa da kansa. Rauni ne da aka yi da hannu cikin kwanaki. Ina haɗinsa da na mutumin da ya shekara goma yana fama?

Ba raina aikin nake ba, wallahi. A 1993 masana a Jamus suka samar da ɓerayen da ba su da IL-10, wani sinadari na jiki mai kwantar da kumburi, sai hanjinsu ya kumbura da kansa. Daga baya aka rene irinsu inda babu ƙwayar cuta ko ɗaya, ciwon bai taso ba. Nan aka ƙara gane cewa ƙwayoyin da ke zaune a cikinmu suna da hannu a lamarin. Ilimi ne babba, kuma dabbobin nan sun sha wuya kafin a same shi, shi ya sa nake jin zafin a mai da shi abin talla.

Ko manyan magunguna sai an gwada su a jikin mutane. Wani magani mai suna Infliximab ya tsallake gwajin, aka amince da shi don masu Crohn a 1998. Secukinumab kuwa an sa masa rai, amma da aka ba masu Crohn sai ciwon wasu ya ƙaru.

Mu a nan, duk jinin da aka gani a bayan gida sai a ce basur ne, ko atini. Alhali tarin fuka na hanji ma yana kama da Crohn sosai, maganinsu kuma daban. Wanda ya yi makonni yana ganin jini, don Allah a kai shi asibiti, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba ko wani babba, a gwada kashinsa, in ta kama a leƙa hanjin da na'ura.