Ranar da Boxer ɗina ya zauna a kan tayarsa

Babur ɗina Bajaj Boxer ne, na saye shi hannun wani ɗan acaɓa bayan gwamnatin Kano ta hana acaɓa a 2013, wato ya riga ya sha duniya kafin ya zo hannuna. Bana sai bayansa ya fara rawa. In na faɗa rami ɗaya, sai mun yi tsalle har gaban gida uku kafin ya nutsu. Uwargida ta ce ita da hawansa sai dai a kai ta asibiti.

Bakanike ya leƙa, ya shafo baƙin mai a jikin shokozoba, wato ƙarfen nan mai sifirin da ke shanye girgiza a tayar baya, ya ce sil, robar da ke tare man, ya fashe. Man da ke ciki shi ke danne sifirin, in ya tsiyaye sifirin ya samu 'yanci. Ya ce na dama da na hagu, biyun za a canza tare. Da ya faɗi kuɗin aiki na ce masa zan dawo. Noti huɗu ne fa kacal, biyu sama biyu ƙasa! Na sayo sababbi, na ari sifana, na kalli wani Ba'indiye a YouTube yana yi cikin minti biyar yana murmushi.

Abin da Ba'indiyen nan ya ɓoye wa jama'a, Allah ya isa, shi ne cewa ɗaya ake cirewa a maida kafin a taɓa ɗayan. Ko kuma ya faɗa da yarensu. Ni dai na jingina babur a ƙaramin jak, na kwance na dama, na zagaya na zare na hagu. Ji kake rim! Gaba ɗaya bayan ya durƙushe kan taya kamar raƙumin da aka yi wa lodin gishiri, salansa ta daki ƙasa, kaji suka watse.

Kafin in miƙe an cika ƙofar gida. Malam maƙwabcina ya ce, "Alhaji, sauke shi ka yi ya huta?" Aka samu majiya ƙarfi suka ɗaga kariya, ni ina ƙasa ina neman ramin da ƙusa za ta shiga. A ɗaga, ya wuce. A sauke, ya wuce. Ana cikin haka aka kira sallar La'asar, kowa ya ce alwala, suka bar ni da ɗana ɗan firamare riƙe da babur yana kuka.

Da magariba dai na ɗaura su. Na hau don gwaji, sai na ji gefe guda tauri, ɗayan laushi, ga ƙwas-ƙwas daga ƙasa. Da safe na lallaɓa gareji ta bayan layi.

Ogan bai ko tashi ba, yaronsa ya turo. Yaron ya nuna min matakalar da ake saita ƙarfin sifirin: ɗaya na kai ta ƙarshe, ɗaya tana farko. Sannan ya tambayi robobin bushin da suka zo cikin kwali. Na ce ai na ɗauka kyauta ce, yara na wasa da su.

Ogan ya ninka kuɗin jiya. Na ce, "Haba maigida, ai na yi maka rabin aikin."

Ya ce, "Shi ne na caje ka, Alhaji. Kwance shi za mu fara yi."