Naira 70,000 ɗin da ba ta isa Mabera ba

Tun da gwamnatin Ahmed Aliyu ta amince da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wasu masu sharhi ke magana kamar an share wa kowane ma'aikacin Sakkwato hawaye. Maganar nan tana ci mini rai, domin duk wanda ya san birnin nan daga Gawon Nama zuwa Gidan Igwai ya san lada ba ɗaya ba ne, ko da aikin ɗaya ne.

Dokar mafi ƙarancin albashi da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a Yulin 2024 ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. To, su wa ke ɗaukar mutum 25 a Sakkwato? Gwamnati, Jami'ar Usmanu Danfodiyo, asibitin koyarwa, bankuna, kamfanin siminti na Kalambaina da 'yan tsirarun wurare. Yaron shago a Tsohuwar Kasuwa, ɗan dako a Kara, mai koyon ɗinki a Runjin Sambo, ba ruwan doka da su. Abin da maigida ya ga dama shi ne albashi.

Malaman makarantun kuɗi sun fi ba ni tausayi. Malama biyu, takardar NCE ɗaya, darasi ɗaya. Wadda ke koyarwa inda 'ya'yan manyan ma'aikata ke karatu a GRA tana iya jiran ƙarshen wata da kwanciyar rai. 'Yar'uwarta a lungun Mabera kuwa sai iyayen yara sun biya kuɗin zango, kuma a wasu makarantun in an tafi hutu albashi ya tafi hutu. Iliminta bai gaza ba, aljihun unguwar ne ke yanke mata farashi.

Sannan ga ɗawainiyar da ba ta fitowa a takardar albashi. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023, mai gadi ko mai shara da ke tasowa daga gefen gari zuwa gidajen manya yana zuba wani kaso na ladansa a hannun ɗan kabu-kabu. Ya dawo gida ya sayi ruwa wajen 'yan ga-ruwa, alhali gidan da ya wuni yana yi wa aiki akwai rijiyar burtsatse. Albashin maigidansa ya ƙaru, nasa bai motsa ba, amma farashin gero bai bambanta su ba.

Masu cewa kasuwa ce ke tsara lada su je su faɗa wa wanda ba ya da halin ƙin aiki ko na wuni ɗaya. Masu fakewa da cewa arziki rabo ne kuma, su tuna addinin da suke kafa hujja da shi ne ya hana tauye haƙƙin ɗan ƙwadago. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa jiharmu a gaba wajen talauci, kusan kashi 91 cikin ɗari, amma har yau ana magana kamar talaucin ya tsaya a ƙauye bai shigo birni ba. Wannan rufe ido ne da gangan.

Ya kamata ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta daina zama ta ma'aikatan sakatariya kaɗai, ta shiga kasuwa da lungu. Ma'aikatar da ke ba makarantun kuɗi lasisi ta riƙa neman takardar albashin malamai kafin ta sabunta shi. 'Yan majalisarmu na tarayya kuma su buɗe baki a kan wannan sharaɗi na mutum 25.