Kofin da Baba zai riƙe da kansa

Jama'ar Kano, yau ba siyasa zan yi ba. Duk mai majinyaci a gida ya daure ya karanta wannan.

Wajen jinya ba a bar mu a baya ba. Idan hawan jini ya kayar da dattijo ɓarin jikinsa ya shanye, za ka ga 'ya'ya sun haɗa kuɗin magani, ana kai shi gashi asibitin Malam ko na Dala, ana karɓo tofi da rubutu. Amma da ya ce ruwa, sai a ciko kofin silba fal, wani ya tallafo ƙeyarsa yana rabin kwance, a kafa masa a baki. Ya ƙware, ya yi ta tari har da hawaye, ruwan ya bi wuyan riga. A bubbuga bayansa a ce "sannu Baba, sha a hankali mana," sai ka ce laifinsa ne.

Wannan ƙwarewar ba abin wasa ba ce. A maƙogwaro hanyar abinci da ta numfashi maƙwabta ne, kuma shanyewar ɓarin jiki tana raunana naman da ke rufe hanyar numfashi lokacin haɗiya. Da an ɗaga kai sama, ruwa ya samu hanya ya gangara huhu. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya zo, ƙirji ya cushe, a ce sanyi ne ya kama shi, alhali limoniya ce da muka ba shi da hannunmu. Abin tsoron ma, wasu ruwan yana shiga huhunsu ko tari ba sa yi, sai dai ka ji muryarsu ta canza kamar mai kurkure baki.

Tuntuni aka ƙera kofuna saboda wannan matsala. Akwai mai hannu biyu, akwai mai nauyi a gindi don masu karkarwar hannu, akwai mai marfi da ke sakin ruwa mililita 5 ko 10 kacal a kowace kurɓa. Wanda ya fi burge ni shi ne mafi sauƙinsu: kofin roba ne aka yanke gefe ɗaya na bakinsa, yadda idan an karkata shi hanci zai shige gurbin, mutum ya sha har ƙarshe bai ɗaga haɓa ba. Shi ke nan hikimar.

Ba tsofaffi kaɗai ba. Yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu saboda doguwar naƙuda ko shawarar jarirai, wuyansu bai tsaya ba, har yau akwai gidajen da ake danne su a cinya a yi musu ɗura da koko. Uwar ba mugunta take yi ba, tsoron yunwa ne, kuma ba wanda ya nuna mata wata hanya.

Na san abin da wasu za su ce: ina amfanin 'ya'ya idan uba zai sha ruwa da kansa? Ladan fa? Ni a ganina ladan bai tafi ko'ina ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana ciyar da gida, yau sai ya jira jika ya dawo daga islamiyya kafin ya jiƙa maƙoshi. Wasu saboda kunyar kira da gudun fitsari sai su rage sha, a zafin watan Afrilu na Kano kuwa kun san abin da hakan ke yi wa ƙoda. Su ma masu gashi kullum cewa suke a bar majinyaci ya yi abin da zai iya da kansa. Sannan don Allah a daina ba dattijo fidar jarirai, cin fuska ne.

Inda abin ke ba ni haushi shi ne, garin nan garin roba ne. Daga Sharaɗa zuwa Bompai ana narka ta, a Ƙofar Wambai ga bokitai ga butoci ga kofuna kala-kala. Amma ka nemi kofi mai hannu biyu na babba, da wuya ka samu, sai dai ka yi odarsa ta intanet da tsadar dala. Ina masu masana'antunmu? Wanda ya iya fitar da buta mai zane ai wannan ba zai gagare shi ba, kuma kasuwa tana nan tun daga Kano har Maraɗi.

Kafin su farka, ga abin yi. A zaunar da majinyaci sosai, bayansa a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuya. Kada a cika kofin. Ya kurɓa kaɗan, a jira ya haɗiye, kuma kada a kwantar da shi sai bayan kamar minti 30. Kofin roba mai taushi ana iya yanke masa gurbin hanci da almakashi, a goge bakin yankan kada ya yi kaifi. Wanda kuma yake ƙwarewa kullum ko da an yi duk wannan, kofi ba zai wadatar ba, a faɗa wa likitansa a duba haɗiyar, don wani sai an kaurara masa abin sha, wani kuma sai an sa masa robar ba da abinci ta hanci na ɗan lokaci.