Daga masana'antu ilimin zamantakewa ya samo asali

Yana damuna in ji ana cewa ilimin nazarin zamantakewa surutun malaman jami'a ne kawai, wai masu falsafa ne suka ƙago shi suna zaune a ɗaki. Masu faɗin haka suna da hanzari, don littattafan fannin akwai dogon bayani. Amma halin da masana'antu suka jefa mutanen Turai a ƙarni na 19 ne ya haife shi.

Dubi Manchesta ta Ingila. A 1801 mutanenta ba su kai dubu 100 ba, zuwa 1851 sun haura dubu 300, saboda masaƙun auduga. Talakawa suka baro ƙauye suka cunkushe a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu danshi, yara ƙanana na bakin inji tun asuba, kwalara ta ɓarke a 1832. Dangin da ke tallafar mutum a ƙauye babu su a nan. Friedrich Engels, wani marubuci Bajamushe, ya zaga unguwannin, ya wallafa abin da ya gani a 1845.

A Faransa, a 1893, masanin zamantakewa Emile Durkheim ya tambayi abin da zai haɗa kan mutanen da ba su san juna ba. Ya ce rabon aiki ne, don masaƙi na buƙatar mai burodi, mai burodi ma na buƙatarsa.