Na sabunta manhaja, kibod da linzami suka mutu

Kusan wata guda kwamfutata tana damuna da saƙo ɗaya: sabuwar babbar manhaja, wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, ta fito, a sabunta. Ina ɗagawa, yana dawowa, har ya koma gargaɗi cewa tsohuwar za ta daina samun kariya. Daren Lahadi na amince, na bar ta tana aikinta na je na kwanta. Da safe na tarar da sabuwar fuska tana jiran kalmar sirri. Na danna harafin farko, shiru. Na girgiza linzami, wato maus, kibiyar tana tsaye a tsakiyar allo kamar an kafe ta da ƙusa. Na juya cikinsa, jar wutar nan ta ƙasa ta mutu. Na danna Caps Lock, 'yar fitilarsa ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ga aikin da zan miƙa kafin ƙarfe goma na safiyar Litinin yana ciki, ina kallon akwatin da ke ɗauke da shi, ba ni da hanyar taɓa shi.

Na yi duk abin da kowa zai yi. Na zare waya na mayar. Na bar ramin USB mai shuɗin ciki na koma baƙin, na bar na gaba na koma na baya. Na aro wani kibod. Na danne maɓallin wuta na daƙiƙa goma har ta mutu, na sake kunnawa. Babu abin da ya motsa.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne gwajin da na yi daga baya. Na kunna ta ina ta danna Del tun kafin manhajar ta tashi, sai ga ni a cikin BIOS, 'yar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin babbar ta tashi. A nan kibod yana aiki lafiya lau, kibiyoyi suna hawa suna sauka, fitilu suna kamawa. Ina fita, tambarin sabuwar manhajar ya bayyana, sai wutar kibod ta ɗauke a gaban idona. Ke nan kayana ba su da laifi ko kaɗan. BIOS yana da tasa 'yar hanyar magana da USB. Idan babbar manhaja ta tashi sai ta karɓi ragamar, ta miƙa wa ƙaramar manhajar da ake kira direba. Sabuntawar ce ta ture direban da ya san na'urar USB ɗin da ke cikin kwamfutata, ta ɗora wanda bai dace ba. Daga nan duk abin da ka cusa a ramukan nan gawa ne, har filas ɗin da za ka ɗauko gyara a ciki.

Na ɗauki waya na nemi shafin taimako na masu manhajar. Wallahi nan ne raina ya ɓaci sosai. Mataki na farko: danna dama a kan wannan alama. Na biyu: rubuta kaza a wurin bincike. Da me zan danna? Da me zan rubuta? Wai a buɗe kibod na kan allo, alhali sai da linzami ko kibod ake buɗe shi. Wanda ya rubuta wannan bayani bai taɓa zama gaban kwamfutar da ta yi haka ba, da ya zauna da bai rubuta shi ba. Na yi hira da mai ba da taimakonsu, ya ce in duba batir. Na ce masa linzamina mai waya ne. Ya ce in sake kunnawa. Na ce na yi sau bakwai. Sai ya turo mini wannan shafin dai da na baro.

Akwai ƙofar ceto da aka tanada: ka katse wutar kwamfuta tana tsakiyar tashi sau biyu ko uku a jere, sai ta kai ka shafin gyara, inda ake iya cire sabuntawar. Na yi hakan zuciyata na dukan uku-uku, domin kashe kwamfuta da ƙarfi ba abin wasa ba ne ga fayilolin da ke ciki. Shafin ya fito da zaɓuɓɓukansa, amma can ma kibod da linzami ba su amsa ba. Wannan shi ne abin da ba zan yafe ba. Kuskure a sabuwar manhaja kowa ya san yana faruwa. Amma a ce wurin da aka gina musamman don ranar da abu ya lalace, shi ma a sake shi ba a gwada ko ana iya danna maɓalli ɗaya a cikinsa ba? Garin neman gira an rasa ido, kuma idon nawa ne, ba nasu ba.

Abin da ya fitar da ni wani tsohon kibod ne da ya yi shekaru a kwali, mai zagayayyen kai ruwan shunayya da ƙananan fil shida. Irin ramin nan ne na PS/2 da IBM ta fito da shi tun 1987, kuma ba ya bi ta hanyar USB. Sai an kashe kwamfutar kafin a jona shi, in ba haka ba ba za ta gan shi ba. Na kashe, na jona, na koma shafin gyara, na bi da Tab da kibiyoyi da Enter har na mayar da tsohuwar manhajar. Lokacin azahar ta wuce, aikin ya makara, ni na ba da haƙuri a kan laifin da ba nawa ba.

To wanda kwamfutarsa ba ta da wannan ramin fa? Yawancin sababbi sun daina zuwa da shi. Sai ya nemo wata kwamfutar ya haɗa filas na girka manhaja, ya tashi tasa daga ciki, in ya san yadda ake yi. Mai kibod na Bluetooth ya fi shiga uku, domin sau da yawa shafin gyara ba ya tayar da Bluetooth. Kuma damar komawa baya kwana goma ce kawai, bayan nan tsofaffin fayilolin manhajar sun goge. Ba a gaya mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a wancan saƙon da ya yi wata guda yana matsa mini.

Yau da safe saƙon ya dawo ƙasan allo, da kalmominsa na da, babu ko layi ɗaya da ya ce an gyara direban USB. Na ɗaga shi zuwa iyakar kwanakin da aka yarda a ɗaga, na kwashe fayilolina zuwa wani faifan daban, tsohon kibod ɗin kuma yana nan a jone.